Darasi: Ƙara Girman Ƙaramin Hoto ba Tare da Ya Yi Dishi-dishi ba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da fiksel da yadda ake ƙirga shi;
2. faɗin dalilin da ya sa ƙaramin hoto yake yin dishi-dishi idan aka ƙara masa girma;
3. bambance hoton kyamara da zanen fiksel, tare da zaɓar hanyar da ta dace da kowanne;
4. lissafa ninkin da ya kamata kafin ya kai aikinsa wurin bugawa;
5. gane inda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke da amfani da inda suke da haɗari.

1. Da me aka gina hoto?

Duk hoton da ake gani a fuskar waya ko kwamfuta, komai kyansa, tarin ƙananan murabba'ai ne da aka jera sahu-sahu, kowanne da launinsa guda ɗaya tak. Abin ya yi kama da hular hannu: wanda ya hango ta a kan mutum zane yake gani, wanda ya ɗauke ta ya kai ido kusa kuma ɗinki zai gani ɗaya bayan ɗaya. Kowane murabba'i a cikin hoto shi ake kira fiksel.

A shekarar 1957 wani injiniya a Amurka mai suna Russell Kirsch ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta, kuma ana lissafa shi a matsayin hoto na farko da aka shigar ta wannan hanya. Faɗinsa fiksel 176, tsawonsa ma 176. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau, idan kyamararta mai megafiksel 12 ce, tana ɗaukar hoto mai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, wato fiksel miliyan 12 a ɗauka guda.

Waɗanda suka riski zuwan wayar salula Najeriya a 2001 ba sa buƙatar dogon bayani. Fuskar Nokia 3310 fiksel 84 ce a faɗi, 48 a tsaye. Macijin nan na wasan Snake, wanda ya cinye wa mutane da yawa lokaci da caji, da ido ake ganin gaɓoɓinsa murabba'i-murabba'i. Babu wanda ya taɓa cewa macijin bai fito ras ba, domin dama da murabba'an aka zana shi.

> Akwatin kalmomi
> Fiksel: ƙaramin murabba'i mai launi ɗaya wanda da irinsa ake gina hoto a na'ura.
> Yawan fiksel: adadin fiksel na faɗi da na tsawo, kamar 84 × 48.
> Zanen fiksel: hoton da mai zane ya ɗora kowane fiksel da gangan, kamar na tsofaffin wasannin bidiyo.

*Misali na 1.* Fiksel nawa ne a fuskar Nokia 3310? 84 × 48 = 4,032. Idan aka ninka faɗin sau 10, tsawon ma sau 10, za a sami 840 × 480 = 403,200. Ninki goma a kowane gefe ya zama ninki ɗari a jimilla. A cikin kowane fiksel ɗari na sabon hoton, guda ɗaya ne ya zo daga asali. Sauran 99 ɗin kwamfuta ce za ta samo su.

2. Daga ina dishi-dishi yake fitowa?

Tambayar ita ce, daga ina kwamfuta za ta samo waɗannan 99 ɗin? Ba ta ga abin da aka ɗauka hoto ba, ba ta san fuskar wa ce ba. Abin da ke hannunta kawai shi ne fiksel ɗin da aka ba ta, don haka sai ta yi kintace. Wannan kintace shi ake kira cike gurbi, kuma hanyoyinsa suna da yawa.

Hanyar da yawancin manhajoji suke bi idan ba a ce musu komai ba ita ce gauraya. Kwamfuta tana duba fiksel huɗu da ke kewaye da gurbin, ta haɗa launukansu, ta fitar da na tsaka-tsaki. Akwai wadda ta fi wannan zurfi, mai duba fiksel 16, kuma ita ce aka fi amfani da ita wajen hotunan kyamara. A manhaja za a ga sunan ta farko Bilinear, ta biyu Bicubic.

A kwamfuta ana auna haske da lamba: 0 baƙi ne wuluk, 255 fari fat, abin da ke tsakani kuma toka-toka.

*Misali na 2.* Ga fiksel biyu a jere, baƙi da fari: 0, 255. Ana so su zama huɗu. Hanyar gauraya za ta ba da kusan haka: 0, 64, 191, 255. A lura da 64 da 191. Launuka ne biyu na toka waɗanda babu su sam a hoton asali. Inda a da baƙi yake ƙarewa fari ya fara nan take, yanzu an sami gangara a tsakani. Idan aka yi haka a kowane gefen harafi da kowane layi, ido sai ya ga hoton kamar an shafa masa hazo.

Ba a ce hanyar gauraya ba ta da amfani ba. A hoton fuskar mutum ko na sararin samaniya, launi dama a hankali yake sauyawa daga haske zuwa inuwa, don haka kintacen kwamfuta yakan faɗa kusa da gaskiya. Matsalar tana tasowa ne idan aka kawo mata hoton da kaifin gefensa shi ne amfaninsa: rubutu, tambari, zanen wasa, ko lambar QR.

> Akwatin kalmomi
> Cike gurbi: kintacen da kwamfuta take yi don samar da sababbin fiksel yayin ƙara girman hoto.
> Gauraya: cike gurbi ta hanyar haɗa launukan fiksel da ke maƙwabtaka.

3. Kwafin maƙwabci da cikakken ninki

Hanyar da ta fi kowacce sauƙi ita ce maganin wannan matsala. Maimakon kwamfuta ta gauraya, sai ta dubi fiksel ɗin asali da ya fi kusa da gurbin, ta kwafe launinsa yadda yake. Fiksel biyun nan na misalin baya, 0 da 255, za su koma 0, 0, 255, 255. Babu toka, babu gangara. Kowane ƙaramin murabba'i ya zama babban murabba'i, shi ke nan. Wannan hanya ita ake kira kwafin maƙwabci.

A Photoshop, wajen sauya girman hoto, zaɓin yana ɗauke da suna Nearest Neighbor. A GIMP, wadda kyauta ake sauke ta, ana zuwa wajen Interpolation a zaɓi None. Masu gina shafukan intanet kuma suna rubuta umarnin image-rendering: pixelated don hana burauza gaurayawa.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Dole ninkin ya zama cikakkiyar lamba: sau 2, sau 3, sau 4, ba sau ɗaya da rabi ba. Dalili kuwa, ba a raba fiksel biyu. Idan aka ce layi mai fiksel 10 ya koma 15, kwamfuta za ta ninka biyar daga ciki ta bar biyar yadda suke. Sakamakon shi ne wasu murabba'an sun yi ƙiba, wasu sun rame. Ido ɗaya na mutumin da ke cikin zanen zai fi ɗayan girma, harafi ɗaya zai yi kauri, na kusa da shi siriri.

*Misali na 3.* Na'urar wasa ta Nintendo da ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom tana fitar da hoto mai fiksel 256 × 240. Ana so a nuna shi a talabijin ta zamani mai 1920 × 1080. A raba tsawo da tsawo: 1080 ÷ 240 = 4.5. Ba cikakkiyar lamba ba ce, don haka sai a sauka zuwa 4. Tsawon hoton zai zama 960, saura 120, a bar baƙin fili 60 a sama, 60 a ƙasa. A talabijin mai 3840 × 2160 kuwa, 2160 ÷ 240 = 9 cif, babu ragowa a sama ko ƙasa.

Wasu sukan ga baƙin filin nan su ji kamar an cuce su, sai su ja hoton ya cika fuska. Cika fuskar ba ta kai asarar da ake yi ba.

Akwai wani abu da masu son tsofaffin wasanni suke gardama a kansa, kuma yana da kyau ɗalibi ya sani. Su Super Mario Bros. na 1985 an zana su ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda da kanta take ɗan narkar da gefen kowane fiksel. Yaran wancan zamani ba su ga murabba'ai masu kaifi irin waɗanda kwafin maƙwabci yake fitarwa ba. Shi ya sa wasu manhajojin wasa suke da zaɓin kwaikwayon layukan tsohuwar talabijin. Game Boy na 1989, mai fiksel 160 × 144 da launi huɗu kacal, labarinsa daban ne: shi da Nokia fuskarsu dama murabba'an take nunawa ƙarara.

> Akwatin kalmomi
> Kwafin maƙwabci: cike gurbi ta hanyar kwafe launin fiksel mafi kusa ba tare da gauraya ba.
> Cikakken ninki: ƙara girma da lambar da ba ta da ɓari, kamar 2, 3 ko 10.

4. Lambar QR a bakin shago

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan duk zancen wasan yara ne. Lambar QR, wadda kamfanin Denso na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin diddigin sassan mota, zanen fiksel ce tsantsa: baƙin murabba'i da fari, babu na uku. Yau ana manna ta a shaguna don karɓar kuɗi, ana sa ta a katin biki don nuna wurin taro. Kyamarar waya tana karanta ta ne ta hanyar bambance baƙi da fari. An gina ta da ɗan juriya, tana iya karantuwa ko da wani sashe ya lalace, amma idan gefuna suka narke, ga hasken shago kaɗan, ga hannun mai saye yana rawa, sai a ga ana ta ɗaga waya ana saukewa, layi yana tsawo.

Mafi ƙanƙantar lambar QR tana da murabba'i 21 a kowane gefe. Ƙa'ida ta ce a bar mata farin fili mai faɗin murabba'i 4 a kewaye. Masu buga takardu da yawa sukan yanke wannan fili don su sami wurin rubutu, alhali da shi waya take gane inda lambar ta fara.

*Misali na 4.* Mai shagon atamfa yana da lambar QR mai fiksel ɗaya a kowane murabba'i, yana so a buga masa ita kusan santimita 5. Da farin filin, gefenta 21 + 4 + 4 = 29. Bugu mai kyau a takarda yana son fiksel 300 a kowane inci, santimita 5 kuma kusan inci 2 ne, wato fiksel 600. A raba: 600 ÷ 29 ya ba da 20 da ɗoriya. A watsar da ɗoriyar, a ninka sau 20 da kwafin maƙwabci: 29 × 20 = 580. A takarda zai fito kimanin santimita 4.9, kowane murabba'i daidai da ɗan'uwansa.

Bayan an gama, sai a kula da ajiya. Tsarin JPEG an yi shi ne don hotunan kyamara. Yana yanka hoto gida-gida na fiksel 8 × 8, yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, kuma a gefen baƙi da fari yakan bar ɗigo-ɗigon datti. Tsarin PNG ba ya zubar da komai. Duk aikin da aka yi da kwafin maƙwabci, a ajiye shi a PNG. Idan kuma ta WhatsApp za a tura wa mai bugawa, a tura shi a matsayin Document, domin idan aka tura shi a matsayin hoto manhajar tana matse shi.

5. Hanyoyin da suke gyara matakala

Kwafin maƙwabci yana da nasa aibin. Layin da ya tafi a karkace yakan fito kamar matakalar bene, kuma idan ninkin ya yi yawa matakalar takan yi muni. Masu shirya manhaja sun daɗe suna neman hanyar da za ta sassauta matakalar ba tare da ta kawo hazo ba.

Wajen 1992 Eric Johnston na kamfanin LucasArts ya fito da wata dabara mai suna EPX, lokacin da ake mayar da wasannin kamfanin kan kwamfutar Macintosh mai yawan fiksel. Dokarta ɗalibi zai iya gwada ta da fensir a takardar lissafi mai gida-gida. Kowane fiksel ana mayar da shi huɗu, duka da launinsa na asali. Sannan a dubi maƙwabtansa na sama, ƙasa, hagu da dama. Idan na sama da na hagu launinsu ɗaya, ƙaramin fiksel na kusurwar sama ta hagu sai ya ɗauki launinsu. Haka za a yi wa sauran kusurwoyi uku. Idan kuwa uku ko duka huɗun maƙwabtan launinsu ɗaya, sai a bar komai yadda yake. Abin burgewa a nan shi ne ba a ƙirƙiri sabon launi ko ɗaya ba, an dai aske kusurwoyi ne.

Bayanta wasu sun biyo: Scale2x na Andrea Mazzoleni, hqx na Maxim Stepin, da xBR. A 2011 kuma Johannes Kopf da Dani Lischinski suka gabatar da hanyar mayar da zanen fiksel zuwa layuka masu santsi gaba ɗaya. Dukansu an yi su ne don zane mai 'yan launuka. A kan hoton kyamara ba sa tsinana abin kirki, a kan lambar QR kuwa ɓarna suke yi, tunda kusurwar da suke askewa ita ake buƙata.

6. Tambarin ƙungiya a kan bana

Ga matsalar da masu shagon bugawa suke fama da ita kullum. Sakataren ƙungiya ya zo da tambari a waya, wanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu har ya ƙanƙance, yana so a buga shi a babbar bana. Mai shago ya duba ya ce, “Alhaji, wannan zai fashe.” Gaskiya ya faɗa.

*Misali na 5.* Tambarin fiksel 200 × 200 ne, ana so ya cika mita ɗaya. Mita ɗaya milimita 1000 ce. 1000 ÷ 200 = 5. Kowane fiksel zai zama murabba'i mai faɗin rabin santimita. Da gauraya zai fito hazo-hazo, da kwafin maƙwabci zai fito gida-gida. Babu wadda za ta fitar da shi kunya.

Dalili shi ne tambarin ba zanen fiksel ba ne tun asali. Da'irarsa da haruffansa masu santsi ne, ƙanƙancewa ce ta lalata su. Mafita ita ce a nemo fayil ɗin asali wurin wanda ya zana shi. In ya ɓace, a sake zana shi a matsayin bekta. Zanen bekta ba ya ajiye murabba'ai, umarni yake ajiyewa: da'ira mai faɗi kaza a wuri kaza, launinta kore. Ko a katin shaida ko a bangon bene, kwamfuta za ta sake zana da'irar sabuwa fil. CorelDRAW, wadda ta cika shagunan bugawa, tana da kayan bin sawun hoto don wannan aiki, haka ma Inkscape ta kyauta. Bin sawun na'ura yakan karkatar da haruffa, don haka gwanaye sukan sake buga rubutun da hannunsu.

> Akwatin kalmomi
> Bekta: zanen da aka ajiye a matsayin umarnin layi da siffa, wanda ake iya ƙara wa girma ba iyaka.
> Bin sawu: mayar da hoton fiksel zuwa bekta.

7. Ƙirƙirarriyar basira: gyara ko ƙage?

Saura hoton kyamara, misali ƙaramin hoton kaka da ya rage a tsohuwar waya. Tun wajen 2014 masu bincike suka fara horar da kwamfuta da dubban hotuna, kowanne babba da ƙaraminsa, har ta koyi yadda gashi, ido ko saƙar tufafi suke kasancewa idan an matso kusa. Daga nan aka sami irin su waifu2x da ESRGAN, da tarin manhajojin waya masu alkawarin fito da tsohon hoto tar.

Sukan fito da shi tar ɗin, amma abin da suka ƙara ba daga hoton ya fito ba, daga hotunan wasu mutane ya fito. A 2020 an gwada wata manhaja mai suna PULSE, ta masu bincike a Jami'ar Duke, da hoton Barack Obama da aka ƙanƙantar har ya koma gida-gida. Fuskar da ta fitar ta wani Bature ce. Manhajar ta cike gurbin ne da irin fuskokin da ta fi gani a lokacin horo, kuma wannan abin lura ne ga duk baƙar fata.

Don haka idan hoton ado ne za a rataya a falo, babu laifi a gwada, sannan a nuna wa wanda ya san mai hoton ya tabbatar kamanninsa ba su sauya ba. Idan kuwa hoton shaida ne, kamar lambar mota a kyamarar tsaro, fuskar wanda ake zargi, ko adadin kuɗi a rasit, bai halatta a dogara da abin da manhajar ta fitar ba. Tana iya mayar da 3 ta koma 8, ta kuma fito da ita ras yadda babu mai shakka.

Tambayoyin bita

1. Mene ne fiksel? Fiksel nawa ne a fuskar Game Boy mai 160 × 144?
2. Idan aka ninka faɗi da tsawon hoto sau 3, sau nawa jimillar fiksel ta ƙaru?
3. Ga jerin fiksel: 255, 0, 255. A rubuta yadda zai koma idan aka ninka shi sau 2 da kwafin maƙwabci.
4. Me ya sa ninki ɗaya da rabi yake ɓata zanen fiksel?
5. Ana so a nuna hoton Game Boy mai tsawon 144 a fuska mai tsawon 1080. Wane cikakken ninki ya dace, kuma fili nawa zai rage a sama da ƙasa?
6. Wata lambar QR tana da murabba'i 25 a gefe. A haɗa da farin filinta, a nemo ninkin da zai kai ta kusa da fiksel 600 ba tare da ta wuce ba.
7. A kawo dalilin da ya sa PNG ya fi JPEG dacewa da lambar QR.
8. Shugabar wata ƙungiyar mata ta kawo tambari mai fiksel 150 × 150, tana so a buga shi a bana mai faɗin mita ɗaya da rabi. Milimita nawa kowane fiksel zai zama? Wace shawara ta kamata a ba ta?
9. A takarda mai gida-gida, a zana layi a karkace mai murabba'i biyar, a ninka shi sau 2 da kwafin maƙwabci, sannan da dokar EPX. Wane bambanci aka gani?
10. A tattauna a aji: a waɗanne ayyuka ne bai kamata a yi amfani da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta gyara ba, kuma me ya sa?